Shekarar da Muka Sayi Gida a Hannun Kotu

Na san abin da kuka ji a Kano game da gidan nan na Guangzhou. An ce muku mun sayar da fili mai ƙasa da bishiya mun sayi ɗaki a sararin sama, wasu ma sun ƙara da cewa gidan wani bawan Allah aka ƙwace yana kuka mu kuma muka shige. Lokacin da abin ya faru babu ko ɗayanku a nan. Ummi tana ɗakin mijinta a Kaduna, Abdul da Safiya kuma kuna makaranta a gida tun da annoba ta raba mu. Abbanku ba mai dogon bayani ba ne, in kun tambaye shi zai ce Allah ne ya yi, ya ja bakinsa ya yi shiru. To ni zan ba ku labarin yadda aka yi, don ni na fara, ni na yi yawon, kuma har yau in na tuna shekarar nan sai in ji zuciyata tana tsalle kamar ta yarinya.

Kun dai san irin zaman da muka yi. Tun da Abbanku ya buɗe ofishin kago, na aika kaya gida, a kan titin Huanshi Lu, ni kuma na kama sarin atamfa da abaya a kasuwar Baima ina tura wa matan Kwari, ba mu taɓa zama a gida ɗaya har mu saba da maƙwabta ba. Wannan mai gidan haya ya ce ɗansa zai yi aure, wancan ya ce maƙwabta sun yi ƙorafin ƙamshin daddawa, wani kuma ba ya ma ba da dalili. Na ƙarshen shi ya fi ci mini rai. Lokacin baje kolin Pazhou ne na bazara, gida cike da baƙi daga Kano, kwalaye har bakin banɗaki, ina tsaye a kicin ina tuƙa tuwo, sai ga saƙo a waya cewa ya sayar da gidan, mu tashi kafin wata ya ƙare. Na ajiye muciya na zauna a kan buhun shinkafa. Na haura hamsin a lokacin, gwiwa ta fara ciwo, ga ni zan sake naɗe tukwane a jarida. Da Abbanku ya dawo na ce masa:

"Alhaji, wannan shi ne tashi na ƙarshe da wani zai sa ni. In dai a garin nan za mu ci gaba da nema, to gida za mu saya."

Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, kin san kuɗin gida a garin nan kuwa? Ko banɗaki ba za mu iya saya ba."

Gaskiya ya faɗa, in dai gidan kasuwa ne. Amma bayan mun koma wani ɗan matsattsen wuri na wucin gadi, sai wata mai shago a Baima ta gaya mini akwai gidajen da kotu take gwanjo. Mutum ya jinginar da gidansa a banki ko bashi ya yi masa yawa ya kasa biya, kotu ta karɓe ta sa a kasuwa ta intanet, kuma sau da yawa farashin da ake farawa da shi yana ƙasa da na gari sosai. Su suna kiransa fafai. Ranar ko abincin rana ban ci ba. Na ba ta lambata na ce duk wanda ya san harkar ta haɗa mu, kuma kafin in isa gida wayata ta fara ƙara. Dillalai ne, ban san inda suka fito ba, kowa yana turo hotuna. Falo mai tayil yana ƙyalli, baranda tana kallon kogi, kicin da mutum zai kwanta a ciki, ga farashi a ƙasa kamar wasa. Na riƙa kai wa Abbanku wayar har kan sallaya ina cewa duba wannan, duba wancan. Har na fara raba ɗakuna a raina, na ce wannan na Safiya ne, wancan na baƙin Kwari.

A cikin dillalan akwai wani mai suna Lin, matashi mai fara'a, yana jin Turancin kasuwa, yana ce mini Mama. Shi na fara bi. Gidan farko da na zaɓa, mai barandar kogi, muna isa unguwar ya duba wayarsa ya dafe kai ya ce meyo, wato babu, jiya jiya aka sayar, amma yana da wanda ya fi shi. Na biyun ma haka. Na ukun kuwa ya kai ni har gindin bene, ya nuna mini wata taga a sama ya ce ga shi can, sai dai ba a shiga, kotu ta kulle. Ya ce mutane da yawa suna so, amma in na ba da kafin alƙalami ta asusun kamfaninsu zai riƙe mini, yana da mutum a ciki. Wallahi har na ji daɗi a raina cewa na samu mai hanya. Na ce ya bari in zo da maigida ya gani. Washegari muka koma mu uku. Abbanku ya ɗaga kai ya kalli tagar ya ga riga a shanye. Ya shiga lif, muka bi shi, Lin yana ta cewa laoban, laoban, wato ranka ya daɗe, ba a hawa. Abbanku ya ƙwanƙwasa ƙofar. Wani ƙato ya buɗe da singileti, da kwanon taliya a hannu. Da Abbanku ya yi masa bayani da ɗan Sinancinsa, mutumin ya koma ciki ya ɗauko takardar haya ya buɗe mana. Haya ce ta shekaru masu yawa, an biya gaba ɗaya, ya ce duk wanda ya sayi gidan ya saya da shi a ciki, in ya ga dama ya jira har ya tsufa. Muka juya babu Lin. Ko lif bai jira ba, ta matakala ya sauka.

A hanyar dawowa Abbanku bai yi mini dariya ba, abin da ya sa na ƙara ganin girmansa. Ya ce kawai in haƙura da maganar. Ni kuwa abin ya riga ya shiga jinina. Na wuce kai tsaye gidan abincin Majiye. Kun tuna ta, Basiniyar nan Musulma mai taliyar hannu da naman rago a lungun bayan ofis, wadda take ba ku alewar gyaɗa kuna yara. Sunanta Ma, ana ce mata Ma Jie, mu Hausawa muka mayar da shi Majiye. Na zauna na zayyana mata komai. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta goge hannu a gyalenta ta zauna kusa da ni.

"Rabi, gidan kotu babu wanda yake riƙe wa wani," in ji ta. "Ko ɗan alƙali ne sai ya shiga gwanjo kamar kowa. Duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi a hannu, ɓarawo ne. Ƙanena ta nan ya sayi nasa, na ga yadda aka yi."

Na ce, "To hotunan nan fa?"

Ta ce, "Wasu an sayar tun bara, wasu ma ba a garin nan suke ba. Kawo wayarki."

Ta buɗe mini shafin da kotuna da kansu suke sa sanarwar gwanjo. Babu tayil mai ƙyalli a nan. Hotuna ne marasa kyau, waɗanda ma'aikaci ya ɗauka a tsaye, ga takalma a ƙasa, ga bango ya yi jirwaye. Amma kowane gida da sunan kotun da ta kama shi, da lambar shari'a, da jan hatimi, da lambar wayar ma'aikacin da ke kula da shi, da ranar da za a buɗe wa masu son gani. Ta nuna mini inda ake rubuta ko akwai mutum a ciki, ko akwai haya a kansa, ko ana bin gidan kuɗin shara da gadi. Ta ce duk gidan da dillali ya turo, in neme shi a nan, in babu shi to babu shi a duniya. In kuma yana nan, kada in tsaya a kan rubutu, in je da ƙafata, don kotu tana faɗin abin da ta sani ne kawai, abin da ba ta sani ba yana bakin maƙwabta.

Daga ranar na zama wata iri. Ni da na yi shekaru a ƙasar nan ban iya karanta ko sunan titinmu ba, sai ga ni na haddace zanen kalmar da ke nufin babu kowa a ciki da wadda ke nufin an ba da haya. Ina idar da sallar asuba zan sa tabarau in hau shafin kafin in ɗora shayi. Manhajar fassara ta waya tana ba ni dariya, wani lokaci ta ce gidan yana da ɗaki biyu da kifi ɗaya, sai in ɗauki hoto in tura wa Majiye ta gyara mini. In na gama da Baima da hantsi, sai in shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa in nufi unguwar da na zaɓa. Na koyi wa ake tambaya. Mai gadi zai gaya miki ko ana kunna fitila a gidan. Ofishin masu kula da bene za su gaya miki bashin da ke kansa, don su ma so suke a biya su. Amma waɗanda suka fi kowa sani su ne tsofaffin matan da ke zama a tsakar gida suna karta. Da farko kallona suke yi daga hijabi har takalmi, sai in gaishe su da ni hao, in miƙa musu dabino, in nuna lambar gidan a waya. Nan take za su ajiye karta su fara magana gaba ɗaya, ina riƙe da waya tana fassara abin da ta iya. Ta haka na tsallake wani gida mai kyau da araha, da wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce surukar mai gidan tana ciki kuma ta rantse sai dai a fitar da gawarta. Wani kuma suka ce masu bin bashi suna zuwa su watsa jan fenti a ƙofa. Na ga unguwannin da ban taɓa sanin akwai su ba. Na rame, na yi baƙi, amma ban taɓa jin daɗin garin nan kamar lokacin ba.

Ana cikin damina na gamu da shi. Tsohon bene ne a wani layi mai bishiyoyi, ba nisa da Huanshi Lu, Abbanku zai iya takawa zuwa ofis. Sanarwar ta ce babu kowa, babu haya. Mai gadi ya ce mai gidan ya kwashe kayansa da kansa ya kai makulli kotu. Tsofaffin karta suka ce mutumin kirki ne, masana'antar takalma gare shi, annoba ta karya shi. Ranar da kotu ta sa don gani, na ja Abbanku muka je. Mun tarar da mutane sun cika matakala, duk 'yan ƙasa, mu kaɗai ne baƙaƙe. Ma'aikacin kotu ya zo da makulli, ya yage doguwar takardar da aka manna a ƙofa, muka shiga. Ƙura ce ko'ina, fentin ya tsufa, famfon kicin yana ɗiga. Amma da na buɗe ƙofar baranda sai iska ta taso daga wajen tudu ta ratsa falon ta fita ta tagar kicin, a wannan garin da zafi yake dafa mutum. Na duba waya na ga alƙibla tana fuskantar bangon falo sak, babu karkace. Na auna kicin da takuna, na ga babbar tukunyata za ta zauna. Na matsa kusa da Abbanku na ce masa a hankali, da Hausa, don babu mai ji:

"Alhaji, wannan ne."

Ya ce, "Rufe bakinki, fuskarki tana nuna musu. Ki ɗaure fuska kamar ba ki so."

Na ɗaure fuska. Kafin mu fita ya tambayi ma'aikacin ko baƙo yana iya shiga gwanjo. Ya ce a je ofishin gidaje a tabbatar tukuna, don in ka ci gwanjo aka ƙi yi maka takarda, kai ka jiyo. Muka ɗauki lauya, ya duba fasfo da takardar zama da shaidar aikin Abbanku, ya je ya dawo ya ce gida ɗaya na zama ya halatta mana. Ya kuma gaya mana cewa a ƙasar nan ginin kake saya, ƙasar ta hukuma ce, aro ake ba ka na shekaru masu tsawo.

Sai maganar kuɗi, kuma nan ne abin ya yi nauyi. Kotu ba ta jira, in ka ci sai ka cika cikin ɗan lokaci, mu kuma mun yi alkawari tun aurenmu ba za mu ci bashin ruwa ba. Na fito da gwala-gwalaina duka, har da na aurena, muka haɗa da ajiyarmu, bai kai ba. Abin da ya rage shi ne filin Ɗorayi. Kun san filin. Abbanku ya saye shi jikin gidan yayansa, Baffa Tijjani, da niyyar in ya gaji da China ya gina, su tsufa katanga ɗaya. Baffa ne ya kewaye shi, shi ya dasa mangwaro a ciki, shi yake korar masu zuba shara. Ban ce a sayar ba. Allah shaida ne ban furta ba. Amma Abbanku ya san lissafi kamar yadda na sani. Ya yi kwanaki ba ya cin abinci sosai. Ranar Juma'a bayan an sauko, ya tsayar da wani malami ɗan Maraɗi da ke karatun digiri a nan, ya tambaye shi hukuncin sayen gidan da aka karɓe saboda bashi. Malamin ya ce alƙali yana da ikon sayar da dukiyar wanda bashi ya ci don a biya masu haƙƙi, sayen halal ne, sai dai kada a wulaƙanta wanda abin ya faɗa wa. Da Abbanku ya dawo ya zauna a bakin gado ya kira Baffa a Kano, ya sa a bayyane don in ji.

Baffa ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yanzu kai Sani, ƙasar da za ka taka za ka sayar ka sayi abin da ko ƙasarsa ba taka ba ce? In ka mutu a ina za a zauna makoki, a lif?"

Abbanku ya ce, "Yaya, a gidanka za a zauna, kamar yadda aka zauna na Baba. Amma kafin in mutu ina so matata ta daina naɗe tukwane."

Baffa ya ce, "To Allah ya ba da sa'a," ya kashe wayar.

Ni na yi kuka ranar, ba zan ɓoye muku ba. Na ce a fasa. Abbanku ya ce magana ta riga ta fita, kuma shi ma ya gaji da roƙon masu gida. Aka sayar da filin, muka zuba kuɗin shiga gwanjo a asusun da kotu ta rubuta a sanarwarta, ba na kowa ba.

Ranar gwanjo da safe muka taru a ofishin kago, ni da Abbanku da Majiye, wadda ta bar wa mijinta tukunya ta zo. Kwamfuta a kan tebur, kwalayen mutane kewaye da mu. Ba ka ganin kowa, lambobi kawai kake gani, kowane mai tayi da lambarsa, ga agogo yana sauka. Mun riga mun yanke iyakar da ba za mu wuce ba, Abbanku ya sa na maimaita ta da bakina. Da farko kamar kasuwar Kwari ranar jajibiri, wannan ya ɗora, wancan ya ɗora. Majiye ta riƙe hannuna ta ce kada in taɓa, a bar su su gaji. Can sai suka fara zubewa, aka bar mutum ɗaya. Na ce bismillah na danna. Lambarmu ta hau sama, na yi ihu. Ban rufe baki ba wancan ya ɗora. Kuma tsarin shi ne duk wanda ya yi tayi a ƙarshe sai a ƙara 'yan mintoci, don haka abin ba ya ƙarewa. In danna, ya danna. In danna, ya jira har agogo ya kusa mutuwa, in fara hamdala, sai ya danna. Na tsani mutumin nan da ban taɓa gani ba. Hijabina ya jiƙe sharkaf. Majiye tana zaginsa da yarensu, ni ina salati, Abbanku yana tsaye a bayana yana jan carbi kamar zai tsinke. Haka har muka kai iyakarmu, wancan kuma ya ɗora ɗaya a kai. Na cire hannuna daga kwamfutar na ɗora a cinya. Na ce shi ke nan, Allah bai yi ba. Agogo yana sauka, ina kallonsa ta cikin hawaye. Sai na ga hannun Abbanku ya wuce ta kan kafaɗata ya danna.

Na ce, "Alhaji, iyaka fa?"

Ya ce, "Motar ofis ma ai ta tsufa, sai a sayar. Yi shiru ki kalli agogo."

Muka kalla. Agogo ya sauka, ya sauka, ya mutu, wancan bai dawo ba. Wani jan rubutu ya fito, Majiye ta daka tsalle ta rungume ni tana cewa naku ne, naku ne. Ni kuwa ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, irin ta gidan biki, a tsakiyar benen ofisoshi. Sinawan da ke maƙwabtaka da mu suka fito da gudu, wani har da tukunyar kashe gobara. Wani Bazabarme mai ofis a ƙarshen layi ya leƙo yana tambaya ko haihuwa aka yi. Abbanku ya yi sujada a tsakanin kwalaye, ya ɗago yana dariya, ya aika aka sayo lemo aka raba wa duk benen.

Yanzu ga maganar mai gidan, wadda ita ce ta fi damuna in kun ji ta a karkace. Bayan mun cika kuɗi kotu ta ba mu takarda da makulli, ina cikin share gidan da Majiye sai mai gadi ya hawo ya ce wani yana son ganinmu. Dattijo ne siriri, da furfura, da 'yar jakar lemun zaƙi a hannu. Sunansa Huang, shi ne tsohon mai gidan. Na rasa inda zan sa idona. Na kawo masa kujera ya ƙi zama. Ya yi magana, Majiye tana fassara mini.

"Ya ce ranar gwanjo yana kallo a wayarsa daga ɗakin da yake haya. Ya ce da an sayar a farashin farko, da banki kaɗai zai samu, ma'aikatansa da suke binsa albashi ba za su ga komai ba. Ya ce duk lokacin da ke da wancan kuka ɗora, sai ya ce ku ci gaba, kada ku gaji. Dannawar ƙarshe ita ta cika haƙƙin ma'aikatan. Ya zo ya ga ko su waye."

Na ce ta gaya masa ban ji daɗin yadda gidan ya fita daga hannunsa ba. Ya girgiza kai ya ce gidan ya fita tun ranar da masana'anta ta tsaya, yanzu ne ya samu barci. Sannan ya zagaya da mu ya nuna mana inda ake kashe ruwa, da tagar da take yoyo in guguwa ta zo, da maƙwabcin da ba ya son hayaniya da rana. Na juye masa dambun naman da aka kawo mini daga Kano a leda, ya karɓa da hannu biyu yana sheshe, sheshe, wato godiya. A bakin ƙofa ya tsaya ya kalli falon, ya ɗan jima, sannan ya sauka. Ba zan ce muku bai ji ciwo ba, gidansa ne, a nan ya yi renon 'yarsa. Amma babu wanda ya fitar da shi yana kuka, kuma da ƙafarsa ya zo ya sa mana albarka irin tasu.

Abin da muka biya na gaske a Kano yake. Wanda ya sayi filin ya sare mangwaron ya yi shaguna. Baffanku har yau in Abbanku ya kira, gaisuwa ce gajera, lafiya lau, lafiya lau, sai an jima. Da muka je gida bara, na lura duk lokacin da mota za ta shiga layin sai Abbanku ya sunkuyar da kai yana duba waya har a wuce shagunan. Bai taɓa ce mini ya yi nadama ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba. Ina roƙonku ku riƙa zuwa gaishe da Baffa, kada ku ɗauki fushinsa da zafi. Ƙaninsa yake so kusa da shi, ba wani abu ba.

Da takardar mallaka ta fito, mai jan bango, sai na ga sunana a ciki tare da na Abbanku, bai gaya mini zai yi haka ba. Dokar ƙasar nan ita ce duk baƙon da ya sauya wurin zama sai ya je ofishin 'yan sanda na unguwa an rubuta, kuma kullum sai an nemi takardun mai gida, wani lokaci sai ka yi ta lallashinsa kafin ya ba ka. Na shirya na tafi ni kaɗai. 'Yar sandar da ke kan tebur ta karɓi fasfo ba ta ko ɗago ba, ta ce ina takardar haya, ina mai gidan. Na ciro jan littafin na ajiye a gabanta na nuna ƙirjina. Ta buɗe, ta kalli sunan, ta kalli fasfo, ta kalle ni, ta kira abokiyar aikinta ita ma ta duba. Sannan ta yi murmushi ta ɗaga mini babban yatsa ta buga hatimi.

A hanyar dawowa na tsaya a shagon kayan gini na sayi guduma da ƙusoshi. Duk gidajen da muka zauna an hana mu buga ko ƙusa ɗaya, hotunanku na yaye da na makaranta sun yi shekaru a cikin akwati. Na hau kujera a falo na fara bugawa. Ban iya ba, ƙusar farko ta lanƙwashe, ta biyu ta ɓantaro siminti ya zubo a kan kafet. Abbanku ya fito daga ɗaki da sauri, da hula a hannu.

"Hajiya, a hankali mana, za ki fasa bangon mutane!"

Na juyo da guduma a hannu na ce, "Bangon wa?"

Ya tsaya yana kallona, sai ya fashe da dariya, ya ajiye hular, ya zo ya riƙe mini kujerar.